Sharif Husaini na Makka: ruɗarsa aka yi, ko ya san abin da yake yi?

Auwalu Fagge
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana tarihin zauren nan. Duk inda aka taɓo maganar faɗuwar daular Turkawa, sai ka ji an ce Larabawa ne suka yi musu zagon ƙasa, bayan Turawa sun ruɗe su da farfaganda. Wasu kuma su ce a'a, Sharif Husaini mutumin kirki ne, Ingila ce ta yi masa alƙawari a rubuce ta saɓa. Ni abin da ya ɗaure mini kai, wace irin farfaganda ce za ta sa sharifi, mai riƙe da Makka, ya ɗaga bindiga a kan Halifa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya? Ba rediyo a lokacin, mutanen ƙauye kuma akasari ba sa karatu. Da me aka ruɗe su?

Ustaz Nura
Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, babu wani ruɗi, cin amana ne tsagwaronsa. A watan Nuwamba 1914 Shaihul Islam na Santambul ya fitar da fatawar jihadi, aka karanta ta a masallacin Fatih. Sharif ya ƙi sa hannu, ya yi ta noƙe-noƙe, ashe yana can yana musayar wasiƙu da Bature. A Yuni 1916 ya fito fili. Sakamakon ga shi muna gani a Falasɗinu har gobe.

Malam Habu Mai Tarihi
Ustaz, a yi haƙuri in ɗan ja da baya, don fatawar nan da ka ambata ita kanta akwai hannun Bature a cikinta, sai dai Baturen Jamus ne.

Tun 1898 Sarkin Jamus Wilhelm ya je Dimashƙa, ya ziyarci kabarin Salahuddin, ya ce shi abokin Musulmin duniya miliyan 300 ne. Har wani kambi na tagulla ya aika aka ajiye a kabarin. Da yaƙi ya tashi, wani Bajamushe mai suna Max von Oppenheim, wanda ya daɗe a Alƙahira, ya rubuta wa gwamnatinsu tsari a kan yadda za a tayar da Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa da Rasha. Aka buɗe masa ofis a Berlin, aikinsu buga takardu da Larabci da Farisanci da Urdu. Aka baza jita-jita cewa Sarkin Jamus ya musulunta, wai har ya yi aikin hajji. Fursunonin yaƙi Musulmi kuma aka ware musu sansani a Wünsdorf kusa da Berlin, aka gina musu masallaci a 1915, ana buga musu jarida, don su yarda su koma su yaƙi iyayen gidansu na da.

Ka dubi fatawar da kyau: jihadi ne a kan Ingila da Faransa da Rasha, amma ban da Jamus da Ostiriya, alhali su ma Nasara ne. Malamai da yawa a lokacin sun lura da wannan.

Ustaz Nura
Baba Malam, ƙawance da wanda ba Musulmi ba don kare daula daban, fita daga biyayyar Halifa daban. Kada mu cakuɗa.

Malam Habu Mai Tarihi
Ban cakuɗa ba, ɗana. Tambayar Auwalu nake bi. Ya ce da me aka ruɗe su, ni kuma ina nuna masa cewa kowane ɓangare ya zuba takarda iya ƙarfinsa, kuma takardar ba ta motsa mutane yadda masu buga ta suka zata ba. Jamusawa sun sa ran Masar da Indiya za su kama da wuta. Jamal Basha, kwamandan Turkawa a Sham, ya kai hari mashigin Suwes a Fabrairu 1915 yana jiran Misirawa su tashi su tarye shi. Ko motsi ba su yi ba. A kudancin Iraƙi ne kiran ya ɗan yi tasiri, malaman Najaf suka fito, ƙabilu suka bi su zuwa yaƙin Shu'aiba a Afrilu 1915. Da aka ci su, ba a yi wata biyu ba mutanen Najaf ɗin suka kori jami'an Turkawa daga garinsu.

Maman Ummi
Baba Malam barka da dare. Ni kuwa abin da nake so in ji, shi Sharif ɗin me ya gaya wa mutanensa? Ai ba zai tsaya a gaban Ka'aba ya ce na haɗa kai da Ingila ba.

Malam Habu Mai Tarihi
Barka kadai Hajiya. Wannan tambayar ita ce wurin.

Sanarwarsa ta farko ta 1916 kusan ba ruwanta da maganar ƙasar Larabawa. Maganar addini ce daga sama har ƙasa. Bai ce yana yaƙar Halifa ba, cewa ya yi yana yaƙar 'yan jam'iyyar da suka ƙwace mulki a Santambul, su Anwar Basha da Ɗal'at da Jamal, waɗanda suka mayar da Halifa hoto. Ya zarge su da taɓa shari'a, da bai wa sojoji damar shan azumi, da barin wata jarida ta yi rashin ladabi ga Manzon Allah (SAW). Ya kawo maganar manyan Larabawan da Jamal Basha ya rataye a Bairut da Dimashƙa, wasu a Agusta 1915, wasu ran 6 ga Mayu 1916. Ya kuma ce sojojin Turkawa da ke ganuwar Ajyad sun harba igwa har ta taɓa rigar Ka'aba.

A Agusta 1916 ya fara fitar da jarida a Makka mai suna al-Ƙibla. Kuɗin Ingila ne a bayanta, kuma ofishinsu na harkar Larabawa da ke Alƙahira shi ke taimakawa a kai ta ƙasashe. Turkawa su ma suna da tasu a Dimashƙa, ash-Sharƙ, inda irin su Shakib Arsalan ke rubutu, shi ma Balarabe ne, yana ganin in daular ta faɗi Turawa ne za su gaje ta. Suka tuɓe Husaini a takarda, suka naɗa wani ɗan uwansa, Sharif Ali Haidar, a matsayin sarkin Makka. Madina ya iya kaiwa, bai taɓa shiga Makka da sarautar ba.

Maman Ummi
Wato kowa da sharifinsa, kowa da jaridarsa.

Injiniya Kabiru
Ni fa ina ganin kuna ba takarda girman da ba ta da shi. A duba taswira. Hijaz ba ta noma abin da za ta ci. Hatsinta ta Jidda yake shigowa, daga Masar da Indiya, duka biyun a hannun Ingila. Kuɗin shigarta alhazai ne, mafi yawansu ta teku suke zuwa, tekun kuma jiragen yaƙin Ingila ne a kansa. Yaƙi na farawa alhazai suka ragu, abinci ya yi tsada. Sarkin da mutanensa ke jin yunwa, ga mai riƙe da bakin teku yana cewa in ka bi ni in buɗe, me kuke zaton zai yi?

Sannan ga layin dogo. Jirgin ƙasa ya iso Madina a 1908, shekarar da aka naɗa shi. Santambul na son ta ja layin har Makka. In layin ya iso, sojoji za su iya sauka a ƙofar gidansa cikin 'yan kwanaki, ƙabilun da ke cin abinci da hayar raƙuma ga alhazai kuma sun tashi a tutar babu. Rigimarsa da Santambul ta girmi yaƙin. Ɗansa Abdullahi ya je wurin Kitchener, wakilin Ingila a Masar, can Alƙahira tun Fabrairu 1914 yana latsa shi ko za su taimaka. Lokacin ba a harba ko harsashi ɗaya a Turai ba.

Ustaz Nura
Injiniya, yunwa ba ta hana Fakhri Basha, kwamandan Turkawa, riƙe Madina ba. Fara sojojinsa suka riƙa ci. Daular ta sa hannu a takardar tsagaita wuta a Oktoba 1918, shi bai fita ba sai Janairu 1919, shi ma jami'ansa ne suka tilasta masa. Wannan shi ne namiji.

Injiniya Kabiru
Jarumi ne, ban musa ba. Amma ka tambayi zuriyar mutanen Madina yadda aka yi ya riƙe ta. Kwashe mazauna garin ya yi a jirgin ƙasa zuwa Sham don abinci ya ishi soja, da yawa ba su dawo ba. Su ba sa ba da labarin da daɗin da kake ba da shi.

Auwalu Fagge
To maganar zinariya fa? Na sha jin an ce da buhu-buhu aka riƙa raba ta.

Malam Habu Mai Tarihi
Gaskiya ne. Da farko fam 125,000 Ingila ke ba Sharif duk wata, daga baya aka ƙara, kuma tsabar zinariya, don Balaraben daji ba ya karɓar kuɗin takarda. Shi kuma ya raba wa 'ya'yansa, Ali da Abdullahi da Faisal da Zaidu, su raba wa shugabannin ƙabilu. Watan da kuɗi ya makara, sai a wayi gari sansani ya rage.

Amma kada ka ɗauka sayen mutane aka yi kamar awaki. Ga misalin Auda Abu Tayi na ƙabilar Huwaiɗat, wanda da ƙarfinsa aka ci Aƙaba a Yuli 1917. Ba a jima ba Ingilishi suka gano yana aika wa Turkawa wasiƙa yana jin tayinsu. Faisal kansa ya yi musayar saƙo da Turkawa a 1918. Kamar dillali ne a kara, yana riƙe da igiyar sa, kunnensa ɗaya na wurin wannan mai saye, ɗayan na wurin wancan. Shugaban ƙabila abin da ke gabansa rijiyoyinsa, da makiyayarsa, da ƙabilar da ke maƙwabtaka da shi wadda suke da jini a tsakani. In abokin gabarsa ya bi Turkawa, shi sai ya bi Ingila. In da an juya, shi ma da ya juya.

Kuma zinariya ba ta ci kowa ba. Da aka ritsa sojojin Ingila a Kut a 1916, sun yi wa kwamandan Turkawa Halil Basha tayin fam miliyan ɗaya ya sake su. Lawrence, hafsan Ingilan nan da daga baya ya yi suna a tawayen Sharif, na cikin waɗanda aka aika. Ya ƙi, kuma Turkawa suka yayata maganar don su kunyata su.

Sadiya Zariya
Baba, ni abin da ke ba ni haushi a irin wannan hira shi ne a ce "Larabawa" kamar mutum ɗaya ne. Imam Yahaya na Yaman bai juya wa Turkawa baya ba har aka gama yaƙin. Ibn Rashid na Ha'il yana tare da su. Ajaimi as-Sa'adun na Muntafiƙ a Iraƙi yana tare da su. Larabawan da suka yi yaƙi cikin rundunar Turkawa sun ninka na Sharif sau da yawa. A Galiboli, rundunar da Mustafa Kamal ya jagoranta, kashi biyu cikin ukunta Larabawa ne. Amma yau ba mai tuna su, sai Lawrence a kan raƙumi.

Injiniya Kabiru
Shi ma Lawrence ɗin ai farfaganda ce ta haife shi. Wani ɗan jaridar Amurka, Lowell Thomas, shi ya riƙa nuna hotunansa a manyan zaurukan Landan daga 1919, mutane na biyan kuɗi suna kallo. Kafin nan ba kowa ya san shi ba a Ingila. Kambin nan da Baba Malam ya ce Sarkin Jamus ya ajiye a kabarin Salahuddin, Lawrence ne ya ɗauke shi ya kai Landan, yana gidan tarihin yaƙi har yanzu.

Malam Habu Mai Tarihi
Sadiya 'yata, kin taɓo abin da nake son zuwa gare shi. Ba Larabawa kaɗai ba ne ba su zama ɗaya ba, ita Ingilar ma ba ɗaya ba ce.

Ingilishin Alƙahira su ne masu Sharif. Ingilishin Indiya, waɗanda ke kula da Tekun Fasha da Iraƙi, ba sa ƙaunar maganar ko kaɗan, don suna tsoron Musulmin Indiya, kuma tsoronsu ya tabbata, domin da labarin tawayen ya isa can manyan Musulmin Indiya Allah wadai suka yi da shi. Su mutuminsu Abdul'aziz Ibn Sa'ud ne na Najad. Wakilinsu Kyaftin Shakespear a wurinsa aka kashe shi a yaƙin Jarrab da Ibn Rashid, Janairu 1915. A Disamba 1915 wani wakilin nasu, Percy Cox, ya ƙulla yarjejeniyar Darin da Ibn Sa'ud, daga baya aka yanka masa fam 5,000 duk wata. Ku kwatanta da na Sharif. Amma shi Ibn Sa'ud ya karɓi ɗan kuɗinsa, bai ƙona mutanensa a yaƙin wasu ba, ya jira.

A Mayu 1919 mayaƙan Ikhwan na Ibn Sa'ud suka auka wa rundunar Abdullahi ɗan Sharif da dare a Turaba, suka kusa ƙarar da ita. Duka ɓangarorin biyu baitulmalin Ingila ke biyan su.

Ga kuma Faransa a gefe. Ta aika tawaga Jidda a 1916 ƙarƙashin Kanar Brémond, a fili taimako, a ɓoye kuma don ta tabbata tawayen bai haura zuwa Sham ba, inda ta riga ta sa ido.

Auwalu Fagge
To Baba, ai wannan ya nuna an yaudare shi ke nan. Ana rubuta masa wasiƙa ana raba ƙasar a bayansa.

Malam Habu Mai Tarihi
An yi masa rufa-rufa, wannan ba shakka. McMahon, babban wakilin Ingila a Masar, ya rubuta masa a Oktoba 1915 cewa za su goyi bayan 'yancin Larabawa, amma ya cire yankin da ke yamma da Dimashƙa da Hims da Hama da Halab, ya kuma ce sai inda bai taɓa muradin Faransa ba. A Mayu 1916 Sykes na Ingila da Picot na Faransa suka gama rabon ƙasar tsakaninsu. A Nuwamba 1917 Balfour, ministan harkokin wajen Ingila, ya yi wa Yahudawa nasu alƙawarin a kan Falasɗinu.

Sai dai ka riƙe abu biyu. Na ɗaya, Sharif ya ga waɗannan togaciyar a wasiƙa, ya ce bai yarda ba, amma ya ce a bar maganar sai bayan yaƙi. Da 'yan juyin juya halin Rasha suka tona yarjejeniyar rabon a ƙarshen 1917, Jamal Basha ya faɗe ta a bainar jama'a a Bairut, ya aika wa Faisal. Sharif ya tambayi Ingila, suka ba shi amsa mai santsi, ya ci gaba. A lokacin ina zai koma?

Na biyu, su Ingilishin ma an yi musu rufa-rufar. Wani ƙaramin hafsa ɗan Mausil, Muhammad al-Faruƙi, ya gudo daga rundunar Turkawa a Galiboli a 1915. Ya gaya wa Ingilishin Alƙahira cewa mafi yawan hafsoshi Larabawa suna cikin ƙungiyar asiri, in ba a yi maza an ba su alƙawari ba za su bi Jamus. Wannan ta sa aka gaggauta wasiƙar McMahon. Da tawaye ya tashi, rundunonin da aka ce za su ɓalle ba su ɓalle ba. Sai da Ingila ta kawo jiragen ruwa da igwa da sojojin Masar kafin Jidda da Ɗa'ifa su faɗi.

Ustaz Nura
Duk wannan bayani ne, ba wanke shi ba ne. Mutum ya ga rami ya taka.

Malam Habu Mai Tarihi
Ban ce na wanke shi ba, Ustaz. Ni dai ban yarda da hoton wawa da aka ruɗa da takarda ba. Sarauta yake nema, har da halifanci, wanda Kitchener ya fara ɗarsa masa a saƙonsa na 1914. Ya yi lissafi, lissafin bai fita ba.

Isuhu Agadas
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ku kuna maganar abin kamar can nesa ya tsaya, alhali mu har ƙofar gidanmu ya zo. Sanusiyya na Libiya, ƙarƙashin Sayyid Ahmad ash-Sharif, Turkawa da Jamusawa sun yi ta kai musu kuɗi da makamai a jirgin ƙarƙashin teku, har suka kai wa Masar hari a ƙarshen 1915. Kawusan, madugun Buzaye, nasu ne. A Disamba 1916 ya zo Agadas da igwar da aka ƙwato daga Italiyawa, Sarkin Abzin Tagama ya mara masa baya, suka ritsa Faransawa cikin barikinsu har farkon Maris 1917. Dakaru suka taso daga Damagaram, Ingilishin Najeriya ma suka ba da gudummawar soja. Da suka karɓe garin, malaman da suka fake a masallaci aka kashe. Tsofaffinmu ba su manta ba.

Kuma in ka tambaye su, ba za su ce maka don Sarkin Jamus aka yi ba. Raƙuman da Faransa ke ƙwacewa, da haraji, da yunwar da aka sha kafin nan, su ne a bakinsu.

Ɗahiru Mai Wurno
Daga Sudan nake gaishe ku. Haka aka yi da Sarkin Darfur Ali Dinar. Wasiƙun Anwar Basha sun iso masa, ya yanke hulɗa da Ingilishin Khartum. A 1916 suka taso masa, har jirgin sama ya zubar da takardu a kan Fashir kafin yaƙi. A Nuwamba aka kashe shi, Darfur ta shiga hannunsu. Wasiƙa ta zo masa daga Santambul, amma soja ko ɗaya bai zo ba.

Sadiya Zariya
Mu kuma a nan, sarakunanmu takardun biyayya suka rubuta wa Gwamna Lugga, aka ɗebi kuɗi daga baitulmali aka ba da gudummawar yaƙi. Turawa suka buga takardun suna nuna wa duniya cewa Musulmi na tare da su. Shekara goma sha ɗaya kacal bayan yaƙin Burmi. Shi ya sa nake jin nauyin saurin kiran wani maci amana.

Ustaz Nura
Malama Sadiya, su an ci su da yaƙi, bindiga na kansu. Sharif ba wanda ya ci shi, da ƙafarsa ya je.

Sadiya Zariya
Da bakin teku a rufe da rataya a Dimashƙa? Ustaz, ba bindiga ɗaya ba ce a duniya.

Shugaban Zaure
Jama'a a ci gaba cikin mutunci, kada a koma kan sarakunanmu, ba shi ne maudu'in ba.

Maman Ummi
Baba Malam, ƙarshensa fa? Ya samu sarautar?

Malam Habu Mai Tarihi
Ya kira kansa sarkin ƙasashen Larabawa, Turawa suka ce na Hijaz kaɗai suka sani. Faisal ya shiga Dimashƙa a Oktoba 1918, Faransa ta kore shi bayan yaƙin Maisalun a Yuli 1920. Ingila ta ba shi Iraƙi a 1921, ta ba Abdullahi gabashin Urdun. Shi tsohon ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar da za ta nuna ya amince da abin da aka yi a Falasɗinu, duk da Lawrence ya je Jidda ya yi ta lallashinsa. A wannan kam ya tsaya, kuma ya biya. Kuɗin wata ya yanke. A Maris 1924 da Mustafa Kamal ya soke halifanci, ya ce shi ne Halifa, ba a bi shi ba. A Oktoban shekarar mutanen Ibn Sa'ud suka shiga Makka, Ingila ta naɗe hannu. Aka kai Sharif tsibirin Ƙubrus, ya rasu a Amman a 1931, aka binne shi a Ƙudus.

Auwalu Fagge
Allah Ya saka da alheri Baba. Amma kun bar ni da wata tambayar. In a yaƙin farko takarda ba ta yi tasiri ba don mutane ba sa karatu, to a yaƙin Hitila fa, da rediyo ta zo?

Injiniya Kabiru
Wannan wani babin ne. Italiya ce ta fara, gidan rediyon Bari ya soma shiri da Larabci a 1934, har akwatunan rediyo aka riƙa rabawa a gidajen shayi. Ingila ta ga ba dama, BBC ta buɗe sashen Larabci a Janairu 1938, shi ne harshen waje na farko da ta fara watsa shiri da shi. Berlin ta biyo a 1939 da Yunus Bahri, ɗan Iraƙi mai zaƙin baki. Amma da Rashid Ali, firaministan Iraƙi, ya yi fito-na-fito da Ingila a Bagadaza a 1941, jiragen da Jamus ta aika 'yan kaɗan ne, cikin wata guda aka gama.

Ustaz Nura
A buɗe masa zare daban. Ni a nan ban gama da Baba Malam ba a kan wasiƙar Oktoba 1915. In Falasɗinu na cikin abin da aka cire, me ya sa ba a ambaci Ƙudus da suna ba? Gobe bayan Isha zan kawo hujjata.

Malam Habu Mai Tarihi
Allah Ya kai mu. Ka zo da taswirar yadda Turkawa suka raba lardunan Sham, don a kanta za mu yi.